Kufan Zaiba, Garin Barkono

A ƙidayar jama'ar Amurka ta 2010, mutum 58 kacal aka samu a Terlingua, wani ɗan gari da ke kudu maso yammacin jihar Texas, kusa da kogin Rio Grande wanda ya raba Amurka da Meziko. Amma duk ranar Asabar ta farko a watan Nuwamba, dubban mutane kan yi dafifi a wannan wuri. Suna zuwa da motoci masu ɗakin kwana a ciki, da tantuna, da rishon gas, da tukwane, domin a tantance wanda ya fi kowa iya dafa wata jar miya ta naman shanu da barkono wadda ake kira cili. Idan aka kwana biyu sai su watse, ƙura ta lafa, garin ya koma shirunsa.

Terlingua kufai ne a ainihin ma'anar kalmar: wuri ne da mutane suka zauna, suka haihu, suka binne 'yan uwansu, sannan suka tashi suka bar bango tsaye ba rufi. Haƙar zaiba ce ta kafa shi, faɗuwar kasuwar zaiba ce ta tayar da shi. Abin da ya dawo da sunansa bakin duniya kuwa wata gardama ce ta raha tsakanin 'yan jarida. Wanda ya ziyarci garin a makon gasar zai tarar da labari biyu a fili ɗaya, kuma zai lura cewa ɗaya daga cikinsu ne kawai ake bugawa a jikin riguna da huluna ana sayarwa.

Hanyar kudu

Baƙon da ya nufi Terlingua yakan bar garin Alpine, inda layin dogo ya ratsa, ya miƙe kudu a kan titi mai lamba 118. Tafiyar ta kai kimanin kilomita 130, kuma babu wani gari na kirki a tsakani. Wannan yanki na hamadar Chihuahua ne, ba yashi mai laushi irin na Sahara ba: tsakuwa ce, da duwatsu masu launin toka da ruwan ƙasa, da ƙananan itatuwa masu ƙaya waɗanda suka saba da ƙishirwa. Daga hagu tsaunukan Chisos suna tasowa a hankali, kamar garun wani birni da ke nesa. A ranakun da ba na gasa ba, mutum kan yi tafiya mai nisa bai gamu da mota ba. A makon gasa kuwa motoci ne jere, kowace tana jan wata a baya, an ɗaure kujeru da jarkokin ruwa a saman wasu.

Wannan nisan yana cikin labarin. Duk abin da garin ya taɓa ci ko ya sayar, ta irin wannan hanya ya bi, a zamanin da babu kwalta, a kan keken da alfadarai ke ja. Mutumin da ya sauka daga mota mai na'urar sanyaya iska ya ji zafin Nuwamba a fuskarsa, zai iya ƙiyasta yadda Yuli yake, da kuma yadda yake ga wanda ke tsaye a bakin tanderu.

Tsohon garin yana kan wani tudu. Abin da ido ke fara gani shi ne kangayen ƙananan ɗakuna na dutse da tubalin laka, warwatse a gangare, launinsu ɗaya da ƙasar da aka ɗebo su. Wasu an yi musu sabon rufi ana kwana a ciki, wasu iska ce kawai ke shiga tana fita. A sama akwai wani gida mai hawa biyu da bakuna a gabansa, ya fi komai tsawo a wurin. Akwai ƙaramin coci, da kangon makaranta, da ɗakin kurkuku, da wani dogon gini mai faffaɗar baranda. A nan da can kuma akwai ramuka da aka rufe bakinsu da ragar ƙarfe. Idan mutum ya jefa tsakuwa a ciki, sai ya ɗan saurara kafin ya ji faɗuwarta.

Jan dutse

Abin da aka haƙa a waɗannan ramuka wani jan dutse ne da masana ke kira sinaba, wanda haɗin zaiba ne da farar wuta. Tun kafin zuwan Turawa, mutanen asali na yankin suna niƙa shi su yi zane da shi. A shekarun 1880 aka gane cewa akwai shi da yawa a nan, masu neman arziki suka fara kutsowa. Fitar da zaiba daga dutsen ba shi da wuyar bayani. Ana farfasa shi a zuba a tanderu a gasa, farar wutar ta ƙone ta bi iska, zaibar ta tashi ta zama tururi. Sai a bi da tururin ta cikin bututu masu sanyi, ya koma ruwa mai ƙyalli da nauyi, a tara shi a cikin tulunan ƙarfe. Kowane tulu yana ɗaukar fam 76, wato kimanin kilo 34 da rabi, kuma da wannan ma'auni aka daɗe ana cinikin zaiba a kasuwar duniya.

Mutumin da sunansa ya manne wa garin shi ne Howard E. Perry, wani ɗan kasuwa daga Chicago, wanda ya kafa Kamfanin Haƙar Ma'adinai na Chisos a 1903. Gidan nan mai hawa biyu nasa ne, ko da yake shi kansa ya fi zama can arewa, yana tafiyar da al'amura ta hanyar wasiƙa da manajoji. Kamfanin ne ke da kanti, shi ke da otal, shi ya ɗauki likita, shi ke kawo ruwa. Zuwa 1913 mazauna garin sun kai kimanin 1,000, suka kuma ci gaba da ƙaruwa. Yaƙin Duniya na Farko ya buɗe wa kamfanin kasuwa, domin ana haɗa wani sinadari da zaiba wanda ke tayar da harsashi da nakiya. Haka ɗan ƙauyen da ke bayan duniya ya zama ɗaya daga cikin manyan wuraren samar da zaiba a Amurka.

Waɗanda suka shiga ramukan kuwa yawancinsu 'yan Meziko ne. Da dama sun tsallako kogi ne suna gudun yaƙin juyin juya halin da ya ɓarke a ƙasarsu a 1910, don haka ko wane irin albashi aka ba su ya fi abin da suka baro. An raba garin gida biyu: Turawa a gefe ɗaya, leburori 'yan Meziko a ɗaya gefen. Su ne suka gina ɗakunan da ake ɗaukar hotonsu a yau, da duwatsun da suka tsinta a gangaren. Kuɗin da suka karɓa a ofishin kamfani, mafi yawansa kan koma kantin kamfani, tunda babu wani babban kanti kusa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Aikin kuma yana cin jiki. Tururin zaiba ba shi da wari, ba a ganinsa, amma yana shiga ta huhu ya zauna. Alamomin da aka sani su ne yawan dalalar miyau, da kumburin dasashi, da girgiɗar haƙora har su zube, da rawar hannu. Ma'aikatan tanderu su suka fi fuskantar wannan. Ƙasar ma ta biya nata kason: itatuwan da ke bakin rafin Terlingua an sare su don katakon rami da makamashin tanderu, har rafin ya koma tsirara.

Daga shekarun 1930 al'amura suka fara ja da baya. Dutse mai kyau ya ragu, aikin ya ƙara tsada, bashi ya taru. A 1942 kamfanin ya karye. Wasu suka saye shi suka ci gaba da haƙa har zuwa ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, sannan farashi ya faɗi, aka kwance injina aka sayar a matsayin tsohon ƙarfe. Har kwanon rufin gidan sinima aka cire. Da yake garin ba shi da gona, ba shi da kasuwa, ba shi da wani dalili na zama sai ramin, mutane suka ɗaure kayansu. Cikin 'yan shekaru Terlingua ta zama kufai.

Wasa farin girki

Shekara 20 da 'yan kai garin yana kwance. A watan Agustan 1967 wani marubucin barkwanci mazaunin jihar New York, H. Allen Smith, ya buga maƙala a mujallar Holiday yana bugun ƙirji cewa babu mai sanin cili kamarsa, yana kuma yi wa mutanen Texas ba'a. Wannan ya yi daidai da mutumin wani gari ya zo Kano ya ce zai koya wa Kanawa yin gurasa. A Dallas akwai Frank X. Tolbert, marubuci a jaridar Dallas Morning News, wanda ya riga ya wallafa littafi sukutum a kan wannan miya. Shi da abokansa na wata ƙungiyar masoya cili suka ce ba za ta saɓu ba, sai an gwada a gaban alƙalai.

Zaɓen wurin bai rasa nasaba da neman kuɗi. Carroll Shelby, shahararren mai tseren mota da ƙera ta, shi da wani lauya abokinsa David Witts suna da makeken fili a yankin, kuma suna son a san da shi. A ranar 21 ga Oktoba 1967 aka taru a tsakiyar kufan. Wick Fowler, ɗan jarida kuma mai sana'ar haɗa yajin cili, shi ya tsaya wa Texas. Smith ya tsaya wa kansa. Alƙalai uku ne. Ɗaya ta zaɓi Smith, ɗaya ya zaɓi Fowler, na ukun kuwa, wato Witts, ya ɗanɗana ya yi iƙirarin cewa harshensa ya ƙone ba zai iya yanke hukunci ba. Aka tashi canjaras, wanda ke nufin dole a sake haɗuwa baɗi. Kamar wasa, ƙaramar magana ta zama babba. Smith ɗin ma daga baya ya tattara ya koma Alpine da zama.

A tsakiyar gardamar akwai wake. Smith yana zuba wake a tasa miyar, kamar yadda ake yi a yawancin jihohin Amurka. A wajen 'yan Texas kuwa wannan saɓo ne: cili nama ne, da busasshen jan barkono, da tafarnuwa, da ƙwayar ƙamshin da Larabawa ke kira kamun, sai gishiri da romo. Har yau dokar gasar ta hana wake da shinkafa da taliya da duk wani abin cika tukunya. A 1977 majalisar dokokin Texas ta ayyana cili a matsayin abincin jihar a hukumance.

Abin da ya fara da raha bai tsira daga rikici ba. A 1983 masu shiryawa suka dare gida biyu a kan dokokin shiga gasa. Tun daga lokacin gasa biyu ake yi a rana ɗaya, a filaye biyu da ke gefen titi mai lamba 170, 'yan kilomita daga tsohon garin. Ɗaya ta ƙungiyar da ake taƙaita sunanta da CASI ce, ɗayar kuma tana ɗauke da sunan Tolbert da Fowler. Kowace tana ganin ita ce magajiyar ta 1967, kowace kuma tana naɗa nata gwarzon. Baƙi da yawa ba ruwansu, sukan leƙa nan su leƙa can.

A bakin tukunya

Baƙon da ya isa filin gasa da sassafen Asabar zai fara jin ƙamshi kafin ya ga komai: nama yana soyuwa, barkono yana buɗewa a cikin mai. Yana iya zaton zai ga manyan tukwane irin na gidan biki. Abin da zai gani shi ne ƙaramar tukunya a kan rishon gas, da mutum guda tsaye a kanta yana duba agogo. Yawancin masu dafuwar ba 'yan koyo ba ne, domin ba kowa ke shiga ba. Sai mutum ya yi shekara yana zagaya ƙananan gasanni yana tara maki, ko ya ci wata babbar gasa, kafin a ba shi gurbi a Terlingua. Akwai ma'aikatan ofis da 'yan fansho da direbobi, maza da mata, waɗanda suka kashe hutunsu da kuɗin man motarsu saboda wannan safiya.

Kayan yajin an auna su tun daga gida, an ƙulle a ƙananan robobi. Ba a zuba su gaba ɗaya. Akwai zubin farko da ke shiga cikin naman yayin da yake dahuwa, akwai na biyu bayan wani lokaci, akwai na ƙarshe gab da saukewa don ƙamshi ya tsaya a sama. Dafuwar kan ɗauki kimanin awa uku. Mai dafuwa yakan ɗanɗana, ya yi shiru, ya ƙara ɗan gishiri ko ɗan romo, ya rufe. Kowa yana ɓoye sirrin haɗinsa, amma kowa yana shirye ya ba maƙwabcinsa aron cokali ko wuta.

Da tsakar rana ake miƙa miya. Kowa yana zuba tasa a farin kofi iri ɗaya da na kowa, babu suna a jiki sai lamba a rufe, don kada alƙali ya san ta wane ce. Alƙalan kan zauna a dogayen tebura, kofi yana zagayawa, kowa ya ɗebi cokali ɗaya da sabon cokali ya rubuta makinsa ba tare da ya tattauna da na kusa da shi ba. Abubuwa biyar ake dubawa: ƙamshi, da ja, da kauri, da ɗanɗano, da abin da ya rage a baki bayan an haɗiye. Waɗanda suka tsallake su wuce zagaye na gaba, har a kai teburin ƙarshe. Da yake cokali ɗaya ne ke yanke hukunci, miyar gasa takan fi ta gida ƙarfin gishiri da yaji, domin an gina ta ne ta burge a loma guda, ko da mutum ba zai iya cinye kwano cike da ita ba.

Bahaushe ba zai ji wannan ɗanɗano baƙo ƙwarai ba. Barkono da tattasai da attaruhu duk asalinsu nahiyar Amurka ne, daga can jiragen ruwa suka bazu da su duniya bayan ƙarni na 15, har suka zama ginshiƙin miyar Afirka ta Yamma. Wanda ya taso da dage-dage da yajin tsire, idan ya ɗanɗani cili, kamar ya gamu da ɗan uwa ne da aka rabu da shi tun kakanni.

A wajen layin masu dafuwa kuwa wata duniya ce. Akwai kiɗa, da shigar ban dariya, da giya mai yawa, da hayaniyar da kan kai tsakar dare, har jami'an tsaro sukan ƙaru a yankin a wannan mako. Wasu mazauna garin suna murna da cinikin, wasu sukan kulle ƙofa su jira a watse. Duk da haka taron yana barin wani abu: ƙungiyoyin biyu suna tara kuɗi don ayyukan agaji, ciki har da tallafin karatu ga ɗalibai da taimakon binciken cutar shanyewar jijiyoyi da ta yi ajalin Fowler a 1972.

Hannun da ya fara dafawa

Sunan miyar a cike da Sifaniyanci yake, ma'anarsa kuma barkono da nama. Kafin ta zama abin gasa, abincin talaka ce: nama mai tauri mai araha, a daɗe ana dafa shi da barkono har ya yi laushi. Waɗanda suka fito da ita fili mata ne 'yan asalin Meziko a birnin San Antonio, waɗanda tun shekarun 1880 suke kafa tebura da fitilu a dandalin gari da yamma suna sayarwa ga soja da direban shanu da matafiyi. An yi musu laƙabi da sarauniyoyin cili. A shekarun 1890 wani Bajamushe mai suna William Gebhardt ya fara niƙa yajin yana sayarwa a kwalba, abin da ya ba miyar damar shiga kowane gida. A ƙarshen shekarun 1930 hukumomin lafiya na birnin suka ɗora wa matan sharuɗɗan da ba za su iya cikawa ba, sana'arsu ta mutu.

Nan ne labaran biyu suke haɗuwa. Jama'ar da ta haƙa zaibar Terlingua da jama'ar da ta ƙirƙiro miyar da ake gasa a kanta, tushensu ɗaya ne. A karo na farko sun ba da ƙarfinsu, wani ya ɗauki riba da suna. A karo na biyu sun ba da girkinsu, kuma sunayen da aka rubuta a allunan gasa na 'yan jarida ne da mai tseren mota. Babu wanda ya zauna ya ƙulla wannan, masu dafuwar nan ma mutane ne masu fara'a da karamci. Abin da ya faru shi ne labarin da ya fi daɗin faɗa ya danne wanda ya fi nauyi. Gardamar wake ana iya ba da ita cikin minti biyu a yi dariya, labarin haƙoran ma'aikacin tanderu kuwa ba ya sayar da riga.

Maƙabarta

A gangaren da ke ƙasan tsohon garin, dab da hanya, akwai maƙabarta. Ba ta da ciyawa ko inuwa. Kaburburan tarin duwatsu ne, wasu an yi musu ɗan gini kamar ƙaramin ɗaki, an kafa gicciyen katako da rana ta cinye rubutunsa. Inda ake iya karantawa, yawancin sunayen na Sifaniyanci ne. Mafi tsufa sun koma farkon shekarun 1900. Akwai waɗanda rami ya kashe, akwai na annobar murar 1918 da 1919, akwai ƙananan kaburbura na yara. Da yawa ba su da suna ko kaɗan.

Ranar 2 ga Nuwamba, bisa al'adar Meziko ta tunawa da matattu, mutanen yankin sukan taru a nan da yamma. Sukan share kaburbura, su kunna kyandir, su ajiye furanni da hotuna, su kawo abinci a ci tare. Tunda Asabar ta farko a Nuwamba ba ta wuce ranar 7 ga wata, tarukan biyu kusan kullum a mako ɗaya suke faɗuwa. Baƙon da ya zo don miya kawai yakan tarar da kakin kyandir bai gama bushewa a kan duwatsu ba. Idan ya tsaya a nan lokacin da iska ta juyo, yana iya jin kiɗan da ke tashi daga barandar kanti a sama. Tsakanin wuraren biyu tafiyar 'yan mintuna ce a ƙafa, amma ba duk wanda ya zo gasa ke yin ta ba.

Abin da rami ke bari

Ba gasar kaɗai ta farfaɗo da Terlingua ba. An buɗe gandun shaƙatawa na ƙasa na Big Bend a 1944, a maƙwabtaka, kuma daga shekarun 1970 masu jagorantar 'yan yawon buɗe ido a kogi, da masu zane, da mawaƙa, da masu gudun hayaniyar birni suka fara gyara kangaye suna zama. Tsohon kantin kamfani yanzu kantin tsaraba ne. Gidan siniman da aka cire wa rufi, wanda aka riƙa kira Starlight saboda taurari ne rufinsa, an sake rufe shi ya zama gidan abinci. Da yamma mutane kan zauna a baranda su juya wa faɗuwar rana baya, suna kallon yadda haskenta ke mayar da tsaunukan Chisos ja. Gasar ta ba garin suna, gandun ya ba shi baƙi na duk shekara.

Sai dai waɗanda suka dawo ba su ne waɗanda suka tafi ba. Iyalan leburori sun bazu a wasu garuruwa tun shekarun 1940, kuma farfaɗowar ta zo ne bayan sun yi nisa. Wannan shi ne abin da ya kamata mai karatu ya riƙe, domin tambayar ba ta Texas kaɗai ba ce. A tsaunin Jos akwai tafkuna da ramukan kuza da kamfanoni suka bari, bayan dubban leburori daga ƙasar Hausa sun yi aiki a can, wasunsu bisa tilas a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. A Akokan kusa da Arlit, kamfanin Cominak ya rufe mahaƙarsa ta yuraniyom a watan Maris na 2021, ya bar gari da aka gina dominsa. Ita kanta zaiba, wadda yarjejeniyar Minamata ta 2013 ta hana buɗe sababbin mahaƙanta, har yanzu tana hannun masu wanke zinariya a ƙauyukan Zamfara da wasu wurare, suna ƙona ta a fili suna shaƙar tururin da ya zubar da haƙoran mutanen Terlingua.

Garin da ya dogara da rami ɗaya da mai gida ɗaya, ranar mutuwarsa tana rubuce a farashin kasuwar da bai taɓa gani ba. Terlingua ta yi sa'a: tana kusa da tsaunuka masu kyau, a ƙasa mai arziki, kuma wasu masu barkwanci sun zaɓe ta. Yawancin kufaifan ma'adinai ba su da wannan sa'a. Ko a inda aka same ta, tana zuwa ne ga ƙasa da gine-gine, ba ga mutanen da suka yi aikin ba. Idan ana son su amfana, sai an yi tanadi tun ramin yana bayarwa: makarantar da ba ta kamfani ba, sana'ar da ba ta jingina da shi ba, da rajistar sunayen waɗanda suka shiga ƙarƙashin ƙasa.

Ranar Lahadi da safe motoci sukan kama hanyar arewa ɗaya bayan ɗaya, masu sa kai suna tsintar gwangwanaye a filin gasa. Gwarzaye biyu sun tafi da kofunansu. A tsohon garin ragar ƙarfe tana nan a bakin ramuka, kanti ya buɗe kamar kullum. Maƙabartar kuwa ba a rufe ta ba, har yau ana binne mutane a cikinta. Sababbin mazauna, masu kwale-kwale da masu garaya irin ta Turawa, idan ajali ya zo sukan kwanta a gefen leburorin da suka riga su da shekara 100, a ƙarƙashin irin duwatsun da aka gina ɗakunan da su.